Magunguna Huɗu a Aljihun Baba

Sabangali, Litinin

Kausar ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ya yara? Tunda kin toshe lambata a waya, sai in riƙa sa takarda cikin jakar Baba. Sati guda a gidana, sati guda a naki muka yanke bayan rasuwar Inna, amma duk ranar da ya dawo daga Gassi sai in ga wani mutum daban. Jiya kofin shayi ya suɓuce masa, ya yi barci har la'asar ta wuce. Baba da ko ladan bai riga shi tashi! Me kike yi masa?

Yayarki, Wasila

Gassi, Litinin, bayan sati guda

Yaya Wasila,

Amin wa alaikumus salam. Lafiya lau muke. Ke dai ba ki iya tambaya ba sai da zargi. Haka nan yake zuwa mini daga gidanki, yana layi kamar wanda ya sauka daga kwalekwale. Maganin ciwon bayansa da na tari kawai nake ba shi, kuma likita ne ya rubuta. Ki huta lafiya.

Kausar

Asibiti, Alhamis

Kausar,

Salamu alaikum. Wane maganin baya? Ni na barci da na ƙaiƙayi nake ba shi, daga nawa likitan. Sai yau na ga takardarki a jakarsa, da na karanta na laluba aljihun rigarsa, na tarar da duka huɗun. Ashe ko a gidan wa yake, haɗawa yake ya sha. Na ce, "Baba, don me?" Ya ce, "In na sha na ɗaya na bar na ɗaya, sai ku ce na zaɓa."

Na karɓe su, amma ya riga ya sha na yau. Bayan azahar na tashe shi bai motsa ba, numfashin sai an kasa kunne, leɓɓansa sun yi duhu. Likita ya ce kowanne cikinsu yana kwantar da jiki, in sun haɗu har numfashi suke kwantarwa. Yana son sanin adadin da kike ba shi. Na kira ki sau bakwai. Tsoro nake ji, Kausar. Yunusu maƙwabcina zai kawo miki wannan a babur.

Wasila

Gassi, Alhamis

Yaya,

Ki gaya wa likita cokali biyu ne na tarin, ba ɗaya ba. Ni na ƙara, don Baba ya taɓa cewa ya fi samun barci a gidanki. Yunusu zai riga ni isowa. Na buɗe wayar. Ko mene ne, ki kira ni.

Ƙanwarki