Zaɓen Goro Bayan Ka Tafi

Assalamu alaikum Baba,

Allah ya haskaka makwancinka. Na san takardar nan ba za ta iso gare ka ba. Ko da kana raye ma, miƙo min ita za ka yi ka ce in karanta maka. Amma akwai tambayar da ke cin raina, kuma kai kaɗai ne ke da amsarta.

Gida lafiya. Rabi matata ta sauka, namiji, an sa masa sunanka, muna ce masa Abba. Layinmu na Agege yana nan yadda ka bar shi: kwata na cika da zarar an yi ruwa, 'yan okada masu haya da babur sun ƙaru, 'yan siyasa kuma har yanzu alƙawari suke yi mana.

Sabon abu shi ne wayar hannu, ni ma na saya. Baba, da ka ga abin nan da ka yi dariya. Mutum yana matse cikin motar haya ta danfo amma yana ciniki da Kano! Tun da na riƙe ta ban sake zama wuri ɗaya ba. Ga goron da ka bar min, ga albasa a kasuwar Mile 12, ga dillancin atamfa a kasuwar Idumota. Mutane na cewa na fi ka zafin nama, ni kuwa kaina sai ƙara kumbura yake.

Sai barci ya ƙaurace min. Ina cikin sallah in ji kamar wayar na ƙara a aljihu. Likita ya ce jinina ya hau, ban ma bari ya gama magana ba na fita amsa kira.

Ka tuna huhunan daushe, goron bara da ka ajiye a ɗakin baya? Nakan buɗe su da hannu ɗaya, waya a kunne, in leƙa na sama in mayar da ganye. Makon jiya na zura hannu ƙasa, na tarar sankara, tsutsar goro, ta cinye kusan rabi. Goron da ka yi rainonsa kamar jariri ne na bari ya lalace.

A nan na tuna yadda kake yi. Ka shimfiɗa buhu, ka kashe rediyo, ka juya wa titi baya. Ka ɗauki goro ɗaya bayan ɗaya, ka jujjuya shi, ka ware mai tabo. Ko gaisuwa ba ka amsawa sai dai ka ɗaga hannu. A garin da kowa ke gudu, ta yaya ka iya wannan zaman? Tasbihi kake yi? Garinku kake tunawa? Ko kuwa babu komai a ranka sai goron?

Jiya na gwada. Na bar wa Rabi wayar, na zauna kamar yadda kake zama. Da farko hannuna ta kai aljihu yake yi, har kunya ta kama ni. Can sai na fara jin sanyin goro a tafina, na fara ganin ƙaramin hujin da sankara ke shiga. Hayaniyar titi ta ja baya. Ban ankara ba sai ga hawaye a kan buhu. Ashe tun da muka rufe ka ban taɓa zama na yi kewarka ba, ko ranar sadakar uku hankalina yana kan motar albasa.

Goron da ya rage ya tsira, na sake masa ganye. Na kuma yi barcin da na daɗe ban yi irinsa ba.

To Baba, ga tambayar. Duk shekarun nan bayan rasuwar Inna, muna bayanka muna gunaguni wai ba ka son mutane, kai ma kuka kake yi?

Na bar ka cikin rahamar Allah.

Ɗanka Sani,
wanda bai koyi zama ba sai da ka tafi.