Tikitin Baba

Litinin, 5 ga Disamba, 1955
An liƙa sunayen waɗanda za su buga wa Birnin Kebbi wasa da Argungu ran Asabar. Gola: Kalilu. Ƙanena. Shekara biyar ina tsaron ragar nan, yau ko a benci babu ni. Ni na koya masa kamun ƙwallo da lemun tsami a bayan gidanmu a Argungu, yana kuka in ya same shi a hanci. Na ce masa barka. Bakina ne ya faɗa.

Talata, 6 ga Disamba
Wai mutanen Sakkwato za su zo su zaɓi 'yan wasan lardi. Yaran da nake koyarwa a aji ba su da zance sai wannan. Na ba su lissafi mai wuya.

Laraba, 7 ga Disamba
Direban lori ya kawo saƙon Baba. Zai ajiye komar kamun kifi da gora ya zo kallo, in saya masa tikitin benci saboda ƙafarsa. Baba! Mutumin da ya ce ƙwallo aikin wanda bai da aiki ne. Ko sau ɗaya bai taɓa ganina a raga ba.

Alhamis, 8 ga Disamba
Daga masallacin asuba na wuce wurin tikiti. Na ɗauka ni ne na farko, ashe layi har ya kai gindin ɗorawa. Sanyin fadama yana shiga ƙashi. Kowa ya ƙudundune cikin gwado, wasu sun hura kara suna miƙa tafin hannu. Mai koko ta sayar da tukunyarta kaf kafin rana ta leƙo.

Labbo mahauci ne a gabana. Tun da ya gan ni bai rufe baki ba: Kalilu kaza, Kalilu kaza, yaron yana tashi kamar ba ƙashi a jikinsa. Can ya juyo ya ce, "Malam Ladan, kai ma layi kaka bi?" Aka yi dariya. Na ce ina son shan iska ne.

Kalilu ya wuce da 'yan wasa za su fili, cikin sabuwar rigar gola mai dogon hannu. Layi ya ɗauki sowa. Ya ɗago mini hannu, na duƙa ina gyara takalmi.

Da na kusa taga aka ce na benci sun kusa ƙarewa. Allah ya sani, raina ya ce in bar mutum biyu su shiga gabana, in aika wa Baba cewa ban samu ba. Har na ja baya kaɗan. Sai na tuna zai zo ko ta yaya, ya tsaya a rana da wannan ƙafa. Na saya masa na benci, ni na tsaye. Na cusa su a aljihu.

Juma'a, 9 ga Disamba
Baba ya iso da busasshen kifi. Babban ƙunshi na Kalilu, don ya yi ƙarfi.

Asabar, 10 ga Disamba
An kewaye fili da zana, yara sun cika bisa itatuwa. Na zaunar da Baba, na koma bayan raga.

Kafin hutu Argungu suka ci ɗaya, ta tsakanin ƙafafun Kalilu. Na ji daɗi. Zan rubuta tunda ba mai gani: na ji daɗi har cikin ciki. Sai na hango fuskarsa da ya shiga raga ɗauko ƙwallon. Daɗin bai daɗe ba.

Muka rama. Gab da tashi alƙali ya ba su fanareti. Ɗan wasansu Maigandi ne zai buga, na san shi, yana kallon hannun daman gola ya aika na hagu. Ban san lokacin da na ɗaga murya ba. "Hagunka, Kalilu!" Ya faɗa hagu, ya rungume ta a ƙirji.

Aka ɗauke shi a kafaɗa har kasuwa. Baba yana dogara sanda a baya, yana gaya wa duk wanda ya tsaya, "Ɗana na, wanga yaro." Ni na riƙe masa buta.

Lahadi, 11 ga Disamba
An zaɓe shi. Sakkwato.

Da hantsi ya shigo ɗakina ya tsuguna a bakin ƙofa. Ya ce, "Yaya, cikin duk hayaniyar nan muryarka kaɗai na ji." Na ce iska ce ta kai masa. Ya ce zai gaya wa Baba. Na ce in ya kuskura sai na saɓa masa.

Laraba, 14 ga Disamba
Har yanzu ba ya haɗa ƙafa in ƙwallo ta zo ƙasa. A Sakkwato za su gane shi cikin wasa ɗaya, a ce gidanmu ba a iya ba. Don haka kawai na tashe shi bayan asuba muka je fili. Na yi ta buga masa har rana ta yi zafi. Ya kama kusan duka, ɗan banza.

Gobe ma za mu.