Doguwar Hanyar Missèbo

Zuwa ga Ikilima, sanyin idona, iskar teku a tsakar zafin rana, ruwan kwakwa a maƙogwaron mai ƙishi, farin watan Zongo da kewaye. Ki karɓi gaisuwar wanda begenki ya hana shi cin abinci, sai ɗan abin da ba a rasa ba.

Labarin da kika ji gaskiya ne. Na sa hannu a kwantiragi, ranar Litinin zan fara aiki a biro, wato ofishin masu fitar da kaya daga tashar jirgin ruwa. Munzalinki ya ajiye babur da rigar zem, rigarmu ta 'yan acaɓa mai ruwan ɗorawa. Kwana huɗu ke nan ina koyon tafiya da takalmi sau-ciki, yatsuna suna ta ƙorafin ba a yi shawara da su ba. Jiya na gwada zaman kujera na awa guda, sai na tsinci babban yatsana yana laluben hon.

Fasinjojina na kullum duk na raba wa abokan aiki. Ke kaɗai kika rage, a nan kuwa zuciyata ta ci birki. Wa zai riƙa kai ki shagon atamfarku a kasuwar Missèbo ƙarfe takwas, alhali tun bakwai ina tsaye gaban dirakta? Abokin aikina Kamarou ya ce ya ɗauki nauyi tun ban rufe baki ba, washegari sai ga shi a tasha yana ƙamshin turare. Na sallame shi. Na zaɓar miki Baba Arzika: jikoki tara, babur mai tari, madubi ko ɗaya babu.

Sai dai Baba mutum ne mai gaskiya, gaskiyarsa kuma ita za ta kashe ni. Da na zana masa hanyarmu a ƙasa, ya dube ta, ya dube ni, ya tambaya ko can garin Porto-Novo zai kai ki. Ya rantse shi miƙaƙƙiya zai bi.

To, ya hasken raina, gara ki ji daga bakina. Daga ƙofar gidanku zuwa Missèbo ba ta kai minti goma ba. Shekara biyu ina mayar da ita rabin awa. Gyaran titin da nake ce miki ana yi, an gama shi tun tuni. 'Yan sandan da nake cewa sun tare mahaɗa, bayin Allah ba su tare komai ba. Ni ne nake zagayawa da ke ta unguwar Jonquet don muryarki ta daɗe a bayan kunnena. Kin tuna ranar da ruwa ya tsare mu a rumfar mai faci, kika karya gasasshiyar masara kika miƙo mini ɓangaren da ya fi girma? Babu abin da ya kai mu unguwar nan. Hadari na hango, na nufe shi.

Ina jin tsoro, Ikilima, kuma ba na dirakta ba. Tsorona ki sauka a shago da wuri ranar Litinin, ki ce ashe maƙaryaci ne, ki shafe ni daga ranki. Don ke na karɓi aikin nan, in samu abin faɗa a gaban Alhaji mahaifinki. Wane amfani kujera za ta yi mini in na rasa ki?

Amma tun da na ɗauki alƙalamin nan wani tunani ya hana ni sakat. A Zongo aka haife ki. Tun kina 'yar makaranta kike zuwa Missèbo da ƙafa, babu lungun da ba ki fi ni sani ba. Shekara biyu cur, ko sau ɗaya ba ki taɓa dafa kafaɗata kin ce na saki hanya ba.

In shirun nan naki yana nufin abin da nake fata, ki aiko mini da "to" kawai, kawunnaina su zo gaishe da Alhaji ranar Juma'a.

Naki har ƙarshen numfashi, wanda ba zai ƙara yi miki ƙarya ba, ba kuma zai taɓa nadamar wannan ba,

Munzali