Barkonon da Ya Ƙi Shanya

Zuwa ga Malamin Gona na yankinmu, Malam Lawali,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, kai da iyali da babur ɗin gwamnati. Ni ce Inna Ige ta Kwatarkwashi, kakarka, wadda kake kira amarya in kana son tuwo. Sau biyu ina zuwa ofis a Bungudu ana cewa ka fita rangadi, shi ya sa na rubuta a fili. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, in ka ga kuskure ka haɗiye.

Na ɗaya. Bara ka tara mazan gari ka raba musu sabon irin barkono, ka ce ya fi namu 'ya'ya. Ba ka yi ƙarya ba, na ga reshe yana sunkuyawa. Amma ba ka kira mace ko ɗaya ba, alhali su dashe da noma ne nasu, tsinka da shanya namu.

Na biyu. Irin naka lokaci guda yake nuna. Mu da mutanen Furfuri da na Bilbis duk muka haɗu a kasuwar Gusau mako ɗaya, kowa da kwandonsa, dillalai suna taya mana kamar sadaka za su ba mu.

Na uku. Na yi zuciya na dawo da nawa, na hau da shi falalen dutse inda uwata ta yi shanya. Ashe ƙibarsa duk ruwa ce, irin ta ma'aikacin da ya samu kujera. Kwana biyar ina juyawa, ya yi baƙi, ya yi fumfuna. Cikin buhu huɗu ban tsira da tiya uku ba. Namu na gado ƙanana ne, kaɗan-kaɗan yake nuna, kwana uku a dutse ya bushe ƙayau, mu ɗaure sai bazara in ya yi tsada. Kai ranar tsinka kake auna riba, mu kuwa ranar kwance buhu.

Na huɗu, kuma shi ya kawo ni. Saboda kai namu ne, kowa ya bi maganarka, ba wadda ta ɗebi tsohon iri. Na zaga gida-gida na tambaya. Abin da ya rage yana cikin ɗan gora a madafata, bai cika tafi biyu ba, kuma ya shekara biyu a rataye. In bai shiga ƙasa bana ba, ya tafi ke nan.

Don haka ina roƙon gadon shuka biyu a wurin renon irinku, kusa da rijiyar burtsatse, ni zan kula da su. A taro na gaba a kira mata. Sabon irin kuma ban ce a jefar ba, a dasa shi hawa-hawa don masu sayen ɗanye, a bar mana rabin gona.

Allah Ya ƙara maka girma, Ya tsare ka a kan hanya, Ya sa ka gama lafiya. Yajin da nake aiko maka, wanda kake ɓoyewa a aljihun tebur don kada abokan aiki su gani, da tsohon irin nake daka shi. Kwalbar da ke hannunka ita ce ta ƙarshe. Ka leƙa ka ga inda ta kai, sannan ka ba ni amsa.

Wassalam.

Amaryarka,
Inna Ige