Kan Gadon Ya Koma Gabas

Zuwa ga mahaifiyata, Inna ta Ƙofar Marke,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa irin ta ɗiya ga uwa, ina fatan Allah ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki, ya yalwata miki shi, ya haskaka shi. Mu muna nan yadda kika bar mu. Bazara ta sauka a Sakkwato yadda ta saba, ba sani ba sabo, kuma yau kwana biyu ke nan rabonmu da wutar lantarki.

Na san da kina raye da kin ce wace irin wasiƙa ce ake rubutawa a waya, duniya duk tana leƙe. Ki yi haƙuri. Ba ni da inda zan kai maganar nan, kuma lokacina ba shi da yawa.

Ina da ciki, Inna. Wata takwas da 'yan kwanaki. Kin ga yau na faɗa kai tsaye, abin da ban taɓa iya yi a gabanki ba. Likita ta ce jinina ya hau, ta sa ranar Alhamis za a yi mini aiki a ciro shi. Ta kuma ce in riƙa ƙirga motsinsa, in na ji ya ragu kada in jira Alhamis. Sai na samo kofin silba, duk sanda ya motsa in jefa ƙwallon dabino ɗaya. Jiya kafin azahar sun wuce goma. Yau ga la'asar ta gabato, huɗu ne a ciki. Na sha ruwan sanyi, na kwanta ta gefen hagu yadda aka ce, shiru. Na kira surukinki, yana can wurin aiki wajen Kwalkwalawa, ya ce in shirya ga shi nan tafe mu wuce asibiti. Kin san tsawon hanyar. Jakata tana bakin ƙofa, ni kuma ina zaune a ƙasa a ɗakin nan da kika sani, ina jin tsoro.

Akwai maganar da na ɓoye miki shekara uku, ita nake so in sauke kafin motar ta iso.

Kin tuna cikina na fari, lokacin ina da rawar kai. Na cika wayata da hotunan ɗakunan jarirai na mutanen da ban sani ba, na ce nawa ɗan ma sai ya samu ɗakinsa shi kaɗai. Na sa aka yi wa ƙaramin ɗakin nan fenti ruwan sararin sama. Na kai wa wani tsohon kafinta a Ƙofar Atiku hoton gado mai shinge, ya juya wayar sama da ƙasa, ya tambaye ni ko ɗan akuya zan saka a ciki. Duk da haka ya yi shi, ya kuma yi shi da kyau, da katako mai nauyi.

Kwana uku na yi ina awo da igiya. Bangon yamma ba ya zaunuwa, don daga azahar yake ɗaukar zafi har bayan isha, in ka dafa shi sai ka janye hannu. Tagar ma a can take. Ƙofa tana arewa, kuma ciki take buɗewa. Wadirob ɗin kaya ya cinye bangon kudu. Saura bangon gabas kawai, mai sanyi, sai na jingina gadon da shi a tsawonsa, na sa matashin kai ta kudu don kada ƙofa ta riƙa bugun kan yaro. Kujerar shayarwa a gefe, fanka a kusurwa, gidan sauro fari yana saukowa daga sama. Komai ya zauna daram. Na ɗauki hoto na sa a waya, aka yi ta zuba mini Masha Allah har kaina ya kumbura.

Sai kika zo, da ƙullin kuka da daddawa a hannu. Kika tsaya a bakin ƙofar, ba ki shiga ba. Kika dubi fentin, kika dubi labule, kika ce: "Ɗiyan zamani! Ba a yi ma baƙon da bai iso ba shimhiɗa."

Na yi dariya, na ce wannan ai camfi ne. Ke kuwa idonki ya riga ya sauka a kan matashin. Na ga fuskarki ta sauya. Kika ce: "Kai kudu, huska gabas. Wagga kwanciyar mutanen kushewa ta."

Kika ajiye mayafi, da gwiwoyin nan naki masu ciwo, kika ja gadon ke kaɗai. Kika kai kansa bangon gabas, ƙafafunsa suka shigo tsakiyar ɗaki. Kika karkaɗe hannu, kika ce in kawo miki ruwa, kamar ba a yi komai ba.

Gaskiya kin ɓata mini tsari. Ƙofar wadirob ta daina buɗewa sai rabi. In zan wuce sai na karkata, ga ciki. Ɗakin ya koma kamar na wanda bai gama tarewa ba. Na raka ki, na sa ki a Keke Napep, ina ta a sauka lafiya.

Inna, kafin ki kai bakin titi na mayar da gadon yadda yake.

Ni kaɗai na ja shi, ina haki, ina jin daɗin ɗakina ya dawo kamar na hoto. Kwana tara bayan nan na tashi da safe na ji cikin ya yi shiru. Sauran kin sani, don kina bakin ɗakin haihuwa da carbinki. Namiji ne. Bai yi kuka ba. Maza suka ɗauke shi a cikin ɗan farin ƙyalle, aka kwantar da shi kai kudu, fuska gabas, kamar kowa.

Na san ajali ba ya bin inda gado ya duba. Surukinki ya faɗa mini, likita ta yi mini bayanin hawan jini, kuma ni ma a gidan malamai kika haife ni, na san abin da aka rubuta ba ya kankaruwa. Na yi imani da haka, ina istigfari duk sanda tunanin ya zo. Amma zuciya ba ta je makaranta ba. Shekara uku ina jin ƙarar ƙafafun gadon nan a kan siminti.

Da aka sallamo ni daga asibiti, abin da na fi tsoro a duniya shi ne ƙofar ɗakin nan. Na tsaya a gabanta. Da na tura, ba komai a ciki. Ba gado, ba kujera, ba gidan sauro, ko ƙusar da aka rataye shi an cire. An share, an goge, an shimfiɗa tabarma ɗaya da buzun salla. Daga baya surukinki ya gaya mini ke ce. Kin zo tun da hantsi, kin hana kowa shiga, kin kwance gadon katako bayan katako da wuƙar kicin, don ba ki san inda yake ajiye sukudireba ba, kuma kunya ba za ta bar ki ki tambayi suruki ba.

To kin gani ke nan. Kin shiga kin tarar da gadon a inda kika hana.

Ke da gishiri ba ya yin yawa a miyata ki bari ya wuce, sai kin yi mako kina tuna mini. Ke da har ranar aurena sai da kika gyara mini ɗaurin kallabi a gaban mutane. Na jira faɗan. Wallahi na so ki yi shi, ko na samu sauƙi. Kwana arba'in kina dafa mini ruwan wanka da ganyen darbejiya, kina dama kunun kanwa, jego ba jariri, kullum ina kallon bakinki. Ba ki ce uffan ba.

Abu ɗaya kawai kika yi da ba ki saba ba. Ni ce 'yar fari, tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinki ba, sai "ke wagga". Ranar da ya kamata a ce suna ne, na ƙi ci, na juya fuska bango. Kika zauna a bakin katifa kika ce: "Saratu, tashi ki sha kunu." Na tashi na sha, ina kuka a cikin kwanon.

Kin rasu da daminar bara, ba mu taɓa yin maganar ba. Na ɗauka gadon kin bayar da shi, ko an faskara an yi girki. Bayan arba'in aka buɗe ɗakinki. Ina janyo kwallaye daga ƙarƙashin gadon ƙarfenki sai hannuna ya taɓa katako. Ga shi nan duka, naɗe cikin tsohon zanenki mai ɗigo-ɗigo, ba ƙura ko kaɗan, alamar kina fito da shi kina gogewa. Ƙusoshinsa a ƙulle a bakin kallabi, tare da wuƙar, tsininta ya lanƙwashe. A jikin katakon da ke zama wajen kai kuma, da tawadar allo, da rubutun ajaminki mai karkata, kalma ɗaya: gabas.

Na zauna a ƙasa ina dariya ina hawaye, har 'yan uwa suka ɗauka wani abu ya same ni. Ashe faɗan yana nan, ajiye shi kika yi. Ashe kuma ke da kika ce ba a yi wa baƙo shimfiɗa, kin fi kowa sa ran zai zo.

Yanzu bari in gaya miki yadda ɗakin yake, don na san za ki so ki duba.

Wadirob na sa an fitar da shi zuwa baranda. Surukinki yana karo da shi kullum in zai fita masallaci, yana ƙunƙuni, na ce ya kai ƙara Ƙofar Marke. Da wadirob ɗin ya fita, sai ga wuri ya samu. Na ɗauki alli na zana komai a kan siminti. Ga inda gadon zai zauna, kansa a bangon gabas, ƙafafunsa a tsakiyar ɗaki, daidai inda kika ja shi. Ga inda kujera za ta zauna, kusa da ƙofa, inda iska ke shigowa. Fanka nesa da kansa, don kin ce iska ba ta dukan maɗigar jariri. Na kuma zana wurin katifata a gefen gadon, don na bar maganar ɗakinsa shi kaɗai. Yaron ba zai kwana ko sau ɗaya ba tare da ina kusa ba. Wuƙar ma na ajiye ta, zan tura ta ƙarƙashin katifarsa ta wajen kai yadda kike yi wa ƙannena. Wannan kada ki gaya wa surukinki.

Amma zane ne kawai, Inna. Ɗakin wayam yake. Katakon suna jingine a bango cikin zanenki, ƙusoshin suna cikin ƙullinsu, ban kwance ba. Wannan karon ban sa hoto a waya ba. Ina zaune a tsakiyar layukan alli kamar yarinyar da ta zana gidan wasa a ƙasa, ta rasa abokin yi.

Sau biyu surukinki yana ɗauko sukudireba, yana cewa a haɗa gadon tun da sauran lokaci, kada a dawo daga asibiti ana kame-kame. Na hana. Na ce kada ya ɗaura ƙusa ko ɗaya sai ya ji kukan yaro da kunnensa. Ya girgiza kai, ya ce na gaji camfin Inna. Na bar shi a haka, don gaskiyar ta fi ƙarfin bakina.

Ke zan gaya wa. Ba tsoron baki ba ne, ba kuma tsoron inda gado ya duba ba. In aka haɗa shi, aka rataya gidan sauro, aka sa matashi, sannan abin da ya faru ya sake faruwa, wa zai riga ni zuwa gida ya kwance? Wa zai hana kowa shiga, ya share, ya shimfiɗa tabarma, ya kuma yi shiru? Alli dai ko da tsumma ɗaya zan iya goge shi da kaina.

Tun da na fara rubutun nan hannuna na hagu yana kan cikina. Ɗazu na ji kamar wani abu, na ɗauki ƙwallon dabino, sai na gane numfashina ne. Ban jefa ba.

Ga ƙarar mota a waje.

Ya Allah, ka jiƙan Inna, ka gafarta mata, ka saka mata da shirun da ta yi mini. Ka sa kabarinta ya zama dausayin Aljanna. Ya Allah, kai ka ba da na farko, kai ka karɓa, ba mu ce komai ba sai alhamdu lillahi. Wannan da ke cikina, ka tashe shi in barci yake. Ka sa ya fito da kuka mai ƙarfi, wanda zai cika asibitin, ya sa ubansa ya ruga gida neman sukudireba. Wanda duk ya karanta wannan, don Allah ya ce amin.

Ki yafe mini jan gadon nan, Inna. Huɗu ne a cikin kofi. Na biyar yana tafin hannuna, da shi zan tafi.

'Yarki ta fari, wadda kika kira sunanta sau ɗaya,
Saratu