Na Ce Wa Likita Alwala Yake Yi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana, don Allah ku ba ni shawara, kunya na nema ta kashe min miji.

A Kaura Namoda muke zaune. Kwanaki mijina ya dawo daga kasuwar Shinkafi da wani maganin ƙarfin maza a gora, na ce Malam wa ya kai ƙararka, ya yi dariya ya ci gaba da sha. Ran nan muna tare irin na miji da mata, sai ya dafe kai ya yi ƙara, wai kamar an sara masa gatari. Bayan kwana biyu ciwon ya dawo, hannu ya saki, magana ta harɗe, aka tura mu babban asibiti.

Da aka yi hoton kai, likita ya ce jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwarsa sun tsuke, amma cuta biyu ne ke kama da juna a hoto. Ɗaya kumburin jijiyoyi ce, mai buƙatar magani mai ƙarfi na watanni. Ɗayar kuma wasu magunguna ko wani yunƙuri ke tayar da ita, takan saki da kanta, kuma maganin waccan na iya ƙara mata muni. Shi ya sa ya tambaye ni me yake yi da ciwon ya fara, ko akwai abin da yake sha.

Surukina Baba, mahaifin mijina, da ya taso daga Dauran yana tsaye a gefena, mutumin da ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba. Na sunkuyar da kai na ce alwala yake yi, kuma ba ya shan komai. Wallahi bakina ne ya faɗa, ni ban shirya ba.

Yanzu likitoci sun fi karkata ga kumburin, gobe za su yanke shawarar fara allurai. Baba kuwa ba ya barin bakin gadon, duk wanda ya zo dubiya sai ya ce masa, “Ɗana da alwala tai ciwon ga ya ishe shi, mi za ni ce in ba godiya ba?” Har hawaye yake yi.

In na faɗa wa likita, zai kira Baba ya yi masa bayani, don shi ke sa hannu a komai. In na yi shiru, mai yiwuwa da bakina za a yi wa uban 'ya'yana allurar da za ta ƙarasa shi. Mata 'yan uwana, da waɗanne kalmomi ake faɗa wa namiji baƙo irin wannan magana? Ku koya min kafin gari ya waye.