Mangwaron Baba a Ɗakin Umma

Malali, Kaduna.

Zuwa ga Yaya Yusha'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Halima da yara. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah Ya jiƙan Baba, Ya kyautata makwancinsa.

Na zaɓi rubutu ne saboda a waya ba na iya sakin baki. Ka san gidan nan, ko tari na yi Umma tana ji.

Ka tuna dashen mangwaron da Baba ya yi wa aure da hannunsa, ya haɗa masa reshen wani mangwaron, wanda ke cikin tsohon bokitin fenti a bakin rijiya? Jira yake damina ta zauna ya dasa shi. Ranar sadakar uku wani ya ture bokitin cikin cunkoso, sai Umma ta sa aka shigar mata da shi ɗaki, gefen gado, inda Baba yake ajiye butarsa. Tun da ta shiga takaba ba ta ɗaga labule ba. Gwaggo Binta, da ta zo taya ta zama, ta tuna mata cewa takaba ba ta hana mace fita tsakar gidanta. Umma ta ce ta sani.

Yaya, ganyen ya fara yin rawaya. Sabon tohon ya fito siriri, fari-fari, ya karkata wajen ƙofa. Abin da na gama karantawa a jami'a ke nan, ga shi yana faruwa a gabana. Ruwa da ma'adinai kawai tsiro ke sha ta saiwa. Abincinsa a ganye yake haɗa shi. Koren nan na ganye shi ke kama hasken rana. Da ƙarfin hasken ake raba ruwa, iskar da muke shaƙa ta fita. Abin da aka samu daga ruwan sai a haɗa shi da irin iskar da muke fitarwa, wadda ke shiga ta ƙananan ƙofofi a bayan ganye, a sami sukari. In babu haske, babu sukari. Yanzu ajiyar jikinsa yake ci.

Jiya na yi mata wannan bayani a hankali. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "To, Allah Ya yi wa karatu albarka." Ba ta ce a fitar da shi ba. Don Allah ka yi mata magana, ta fi jin taka.

Ka gaishe da mutanen gida.

Ƙanwarka,
Hafsat.

Malali, Kaduna.

Yaya Yusha'u,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya, kuma zazzaɓin Bilal ya sauka. Na gode da kiran da ka yi mata, ko da yake bai sauya komai ba.

Shekaranjiya ina shara na ga kiyashi sun yi layi daga bakin taga har cikin bokitin. Ƙasar tana wani tsami-tsami, samanta ya yi farin gashi. Gwaggo ce ta ja ni kicin ta gaya mini. Kullum da safe Umma tana dama sukari a kofin shayin Baba, ta zuba wa dashen. Tun ranar da na yi mata bayani take yi.

Na shiga na durƙusa gaban Umma. Kafin in buɗe baki ta ce, "Ba ke kika ce sukari yake nema ba? Ga shi ina ba shi. Ba sai ya fita ba."

Na gaya mata gaskiya. Ba ta saiwa ake ciyar da tsiro sukari ba. Idan ya yi yawa a ƙasa, janye ruwa yake daga saiwar, ya kuma ciyar da ƙwayoyin da ke ruɓar da ita. Dole ganyen ya haɗa nasa da kansa, a rana. Na san bakina ne ya jawo.

Ta kalli bokitin. Sai ta ce, "Shi ma a asibiti haka aka hana ni ba shi ko kunu."

Gwaggo ta fita tana share ido da gefen mayafi.

Ka sa mu a addu'a.

Taka,
Hafsat.

Malali, Kaduna.

Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma tambayar lafiyar kowa.

Umma ta fito. Washegarin maganar nan ita da kanta ta rungumo bokitin, ta ƙi a taya ta. Na wanke saiwar, na yanke inda ya ruɓe, na sauya ƙasa. Na ce a fara ajiye shi inda hantsi kawai ke taɓawa, don ganyen da ya saba da duhu yana ƙonewa a rana mai zafi. Ta bi duk abin da na ce.

Yanzu kullum takan shimfiɗa tabarma kusa da shi da carbinta, tana juya bokitin don kowane gefe ya samu. A nan take karyawa. Jiya har ta yi wa Gwaggo tsiya, wai kokonta ya fi ruwan rijiya tsinkewa.

Amma dashen ya mutu, Yaya. Na kankare ɓawon da farce a saman auren, babu kore. Na kankare a ƙasansa, har gindi, duk ya bushe. Ganyen da suka rage maƙale kawai suke. Gwaggo ta ce mu sayo wani mu musanya a ɓoye. Ba zai yiwu ba. Da ƙyallen shaddar shagonsa Baba ya ɗaure auren, kuma Umma ta san ƙullinsa.

Kowace safiya takan tambaye ni, "Hafsat, yau yana haɗa abincin nasa?" Nakan ce, "Yau rana tana da kyau, Umma." Ban yi mata ƙarya ba. Ban kuma taɓa jin nauyin magana irin wannan ba.

Ka zo ranar fitar takaba mu gaya mata tare. Kafin nan, in ka kira, kada ka tambaye ta mangwaro. Ka tambaye ta ko ta fita tsakar gida.

Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka,
Hafsat.